Injin Fimbol: Daga Gudumar Magajin Gari Zuwa Teburin Gwanjo

A shekarar 1997 kamfanin Williams da ke birnin Chicago na Amurka ya fitar da wani injin wasa mai suna Medieval Madness. Guda 4,016 kacal aka ƙera, domin a lokacin kasuwar irin waɗannan injuna tana ja da baya. Bayan shekara goma sha biyar, sai ga wannan inji, wanda ya sha hayaƙin taba da dukan mashaya giya, ana cinikinsa a kan dala 10,000 ko fiye, wato ninkin-ba-ninkin kuɗin da aka saye shi yana sabo. A ƙa'idar kasuwa, inji yana tsufa darajarsa tana raguwa. Kafin a gane yadda fimbol ya saɓa wa wannan ƙa'ida, dole a koma ga yadda aka auna darajarsa a zamani daban-daban, domin ma'aunin ya sauya har sau uku cikin shekara casa'in.

Fimbol akwati ne dogo mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi. A cikinsa akwai allon katako mai ɗan gangare, an cika shi da turaku da robobi da ramuka da fitilu. Mai wasa yakan jefa tsabar kuɗi, ya ja wata sanda mai sifirin ya harba ƙwallon ƙarfe zuwa saman allon. Ƙwallon yana gangarowa yana bugun abubuwa ana lissafa maki, shi kuwa mai wasa yana danna maɓallai biyu a gefen akwatin, waɗanda ke kaɗa wasu 'yan fukafukai a ƙasan allon don su mayar da ƙwallon sama kafin ya faɗa rami.

Tushen wasan yana Faransa, inda a ƙarshen ƙarni na 18 masu hali suke yin wani wasa mai suna bagatelle a kan tebur mai turaku. A 1871 wani mutumin Ingila mazaunin Amurka, Montague Redgrave, ya karɓi takardar mallakar fasahar sandar nan mai sifirin. Amma fimbol bai zama sana'a ba sai da tattalin arzikin Amurka ya karye. A 1931 David Gottlieb ya fitar da Baffle Ball, ƙaramin akwati da ake ɗorawa a kan kantar shago, farashinsa dala 17 da rabi, kuɗin wasa kuwa senti ɗaya. An sayar da kimanin 50,000. A shekarar da ta biyo baya Raymond Moloney ya fito da Ballyhoo, wanda daga sunansa kamfanin Bally ya samo nasa. Mutumin da ya rasa aiki, wanda ba shi da kuɗin shiga silima, yana iya samun senti ɗaya ya rage zafi.

Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma shi ya fi daɗewa: darajar inji ita ce abin da ke cikin akwatin kuɗinsa. Masu sayen fimbol 'yan kasuwa ne da ke zuba injuna a mashaya da kantuna da tashoshin mota, su zagaya su kwashe tsaba, su raba da mai wurin. Inji sabo yana jan jama'a, idan an saba da shi sai a matsar da shi wani wurin da bai kai na farko ciniki ba, a haka har ya daina biyan kuɗin gyaransa. Daga nan sai a cire abin da zai yi amfani a jikinsa, a jefar da sauran a bola ko a cinna masa wuta. Babu wanda ya ƙera fimbol da niyyar ya yi shekara talatin.

Hukuma ma ta taimaka wajen hallaka su. Injunan farko ba su da fukafukai, saboda haka mai wasa ba shi da ta cewa bayan ya harba ƙwallo, kuma wasu daga cikinsu suna biyan kuɗi ga wanda ya ci. Masu adawa suka ce wannan caca ce tsagwaronta, kuma kuɗin abincin 'yan makaranta take cinyewa. Birnin Los Angeles ya haramta wasan a 1939. A watan Janairun 1942 magajin garin New York, Fiorello LaGuardia, ya sa 'yan sanda suka kwashe dubban injuna, aka ɗauki hotonsa yana farfasa su da guduma, aka tura ƙarafansu masana'antun yaƙi. Abin ban mamaki, Chicago da ke ƙera su ita ma ta hana a buga su a cikinta.

Masana'antar ta nemi mafita ta hanyar fasaha. A 1947 kamfanin Gottlieb ya fitar da Humpty Dumpty, inji na farko mai fukafukan da mai wasa ke sarrafawa, ƙirar injiniya Harry Mabs. Shekara ɗaya bayan haka Steve Kordek ya mayar da su guda biyu a ƙasan allo, inda suke har yau. Da wannan wasan ya koma na gwaninta, amma doka ba ta yarda ba sai bayan kusan shekara talatin. A 1976 wani matashin marubuci, Roger Sharpe, ya tsaya gaban majalisar birnin New York, ya faɗi layin da ƙwallonsa zai bi tun kafin ya harba, ƙwallon kuwa ya bi nan ɗin. Majalisar ta ɗage haramcin, Chicago ta biyo baya a 1977.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da hawa da sauka. A ƙarshen shekarun 1970 aka maye gurbin tarin wayoyi da ƙafafun lissafi masu juyawa da allunan lantarki irin na kwamfuta, har a 1979 Williams ya fitar da Gorgar, inji na farko mai magana. Sai wasannin bidiyo irin su Space Invaders da Pac-Man suka ƙwace kasuwa, domin sun fi ƙanƙanta kuma ba su cika lalacewa ba. Fimbol ya farfaɗo a farkon shekarun 1990. The Addams Family, ƙirar Pat Lawlor, wanda ya fito a 1992 da sunan Bally, an sayar da shi guda 20,270, adadin da babu wani inji mai fukafukai da ya taɓa kai shi. Amma wannan haske bai daɗe ba. Yara sun koma buga wasa a talabijin ɗin gida, gidajen wasa suna ta rufewa. Gottlieb ya durƙushe a 1996. A watan Oktoban 1999 Williams, wanda tun 1988 ya haɗa da injunan Bally, ya rufe sashen fimbol ɗinsa don ya mai da hankali ga injunan caca da suka fi kawo riba. Babban kamfani ɗaya ya rage a duniya, wato Stern.

A nan ma'auni na farko ya mutu. 'Yan kasuwa suka wayi gari da rumbuna cike da kayan da suka yi kwantai, kowane inji nauyinsa ya haura kilo ɗari, ga cin wuri. Da yawa an sayar da su a kan 'yan ɗaruruwan daloli ga duk wanda zai zo da mota ya ɗauka. Waɗanda suka zo ɗaukar kuwa yawancinsu magidanta ne da suka buga waɗannan injuna suna yara, yanzu sun sami aiki da gida mai ɗakin ƙasa. Intanet ta haɗa su, shafin eBay ya ba su kasuwa, suka fara musayar zanen wayoyi da dabarun gyara. Da buƙata ta ƙaru, dillalai suka shiga dawo da injunan da aka taɓa kai wa Turai, kwantena-kwantena, wasu har da ramin jefa kuɗin Jamus ko na Italiya a ƙofarsu. Ma'auni na biyu ya kafu: inji yana da daraja gwargwadon yadda ake begensa da yadda yake wuyar samu.

Yadda masu tarawa ke yanke farashi ya ginu a kan abubuwa huɗu. Na farko daɗin wasan. Injin da dokokinsa ke da zurfi, wanda mutum zai shekara yana bugawa bai ƙure shi ba, ya fi wanda ake gundura da shi cikin mako. Wannan ya sa injunan Williams da Bally na shekarun 1990 suka fi na sauran zamani tsada. Na biyu yawan da aka ƙera. Injunan ƙarshen zamanin, irin su Attack from Mars na 1995 da Monster Bash na 1998, kowanne bai kai 4,000 ba, Cactus Canyon kuwa guda 903 ne, domin sun fito lokacin da babu masu saye. Faɗuwar kasuwar jiya ita ta haifar da tsadar yau. Sai dai ƙaranci shi kaɗai ba ya wadatarwa. The Addams Family ya fi kowanne yawa, amma yana riƙe da farashi mai kyau, domin masu sonsa sun fi adadinsa. Akwai kuma injunan da ba a yi su da yawa ba saboda tun farko ba su da daɗi, kuma har yau babu mai taya su da kirki.

Na uku lafiyar injin, kuma a nan ne ake yawan cutar baƙo. Ƙwallon ƙarfe yana cinye fentin allo a wuraren da ya fi faɗawa. Zanen gilashin baya yana ɓarewa idan ya sha sanyi da zafi. Rana tana kashe launin jikin akwati. Mafi muni, injunan lantarki suna da ƙananan batura da ke riƙe musu lissafi, idan aka manta da su shekaru sai su tsiyaye su cinye allon da ke sarrafa injin gaba ɗaya. Saboda haka injin da bai taɓa fita kasuwa ba, wanda a gida kawai aka buga shi, yana iya fin ɗan'uwansa da ya sha yawon mashaya da dubban daloli. Na huɗu shi ne shekarun masu saye. Kowane tsara yana biyan kuɗi ne don ƙuruciyarsa. Injunan shekarun 1950 masu bakin katako, duk da kyan zanensu da tsufansu, galibi ba su kai na 1990 kuɗi ba, domin waɗanda suka buga su suna samari sun tsufa, suna neman rage kaya ne a maimakon ƙarawa.

Tsadar ta jawo abin da masu injunan ba su yi tsammani ba. A 2013 aka ba da sanarwar za a sake ƙera Medieval Madness da lasisi, a kan kusan dala 8,000, kuma kamfanin Chicago Gaming ya fara fitar da shi a 2015. Nan take farashin na asali ya ja baya, domin mafi yawan masu neman sa wasan suke so, ba su damu da shekarar da aka ɗaura kusoshinsa ba. Daga baya aka sake ƙera Attack from Mars da Monster Bash da Cactus Canyon. Zanen mai fenti da ya mutu ba ya ƙaruwa, amma fimbol kayan masana'anta ne, duk ranar da farashin tsoho ya wuce kuɗin yin sabo, wani zai buɗe layin ƙira.

Masu ƙira kuma suka fahimci cewa mai sayensu ya sauya. Kamfanin Jersey Jack, wanda aka kafa a 2011, ya fitar da The Wizard of Oz a 2013 da babban allon bidiyo, yana hangen mai gida fiye da mai mashaya. Stern ya raba kowane sabon inji gida uku: na kasuwa, na tsakiya, da na musamman mai ƙayyadadden adadi da lamba a jikinsa. A 'yan shekarun nan na farkon yana kusan dala 7,000, na ƙarshen kusan 13,000. Wannan shi ne ma'auni na uku, inda ake ƙera ƙarancin da gangan tun daga masana'anta, har wasu suna saye su ajiye a kwali ba su buɗe ba, suna jiran farashi ya tashi.

Annobar korona ta kai abin ƙololuwa. A 2020 da 2021 mutane suna kulle a gida, kuɗin tafiye-tafiye ya rage a hannu, masana'antu kuma suna fama da ƙarancin kayan haɗi. Aka kai matsayin da injin hannu yake fin sabo tsada, saboda sabon sai an jira watanni. A watan Satumban 2021 aka yi gwanjon kayan gidan tarihin fimbol na garin Banning a jihar Kalifoniya, injuna sama da dubu na fimbol da na bidiyo, farashin da aka biya ya ba tsofaffin dillalai mamaki. Tarin da kowa ke iya shiga ya buga ya watse zuwa gidajen ɗaiɗaikun mutane. Da aka buɗe gari, kuɗin ruwa ya hau, masana'antu suka cike giɓin oda, sai kasuwar ta lafa, waɗanda suka saya da tsada don neman riba suka ga ana yi musu tayin da bai kai uwar kuɗi ba.

Wannan tsada tana da amfani da ba a musu. Saboda injunan sun zama dukiya, yanzu ana sake buga allunan wasa da gilasai da robobin da a da ba a samu, kuma injin da a 1999 za a kai bola, yau ana kwance shi kusa-kusa a wanke a mayar. Tana kuma da hasara. Wasan da aka ƙirƙira don mai senti ɗaya ya zama abin da sai mai dubban daloli da faffaɗan gida ke mallaka, kuma injin da ke kulle a ɗakin ƙasa ba ya haifar da sabon masoyi. Farashin gobe yana hannun yaran da ke buga fimbol yau, domin su ne za su yi begensa nan da shekara talatin. Shi ya sa wurare irin su Pinball Hall of Fame na Las Vegas, da sababbin shagunan da ke jera injuna don jama'a, da gasannin da ake shiryawa a birane, suke da muhimmanci ga mai tarawa fiye da duk wani sakamakon gwanjo. Idan aka rasa masu jefa tsaba, za a rasa masu taya injin a ranar da magada suka fito da shi sayarwa.