Saiwa

saiwa (suna, mace, jam'i: saiwoyi)

1. Sashen tsiro da ke cikin ƙasa yana shan ruwa.

2. A aljabara: lambar da in an sa ta a gurbin x sai ɓangarorin lissafi biyu su yi daidai. Lissafi mai x³, wato x sau x sau x, saiwoyinsa ba sa wuce uku, kuma lalle ɗaya aƙalla lamba ce ta zahiri. A x³ − 6x² + 11x − 6 = 0, akan fara gwada lambobin da ke raba 6. Da 1 ta ba da sifili sai a raba da x − 1, saura x² − 5x + 6, mai saiwoyi 2 da 3. Wannan hanya ta fi sauƙi ga ɗalibi.

Masanin lissafi Umar Khayyam ya warware irin wannan lissafi mai x³ da zane. Wani masanin lissafi, Cardano, ya buga cikakkiyar ƙa'idarsa a 1545. 

Misali: *Malam, na samo saiwa ɗaya, saura biyu.*