Amsar Tambayarku: Me Ke Sa Jirgin Sama Ya Yi Saukar Dole?

Wani manomi daga ƙasar Ɗambatta ya aiko mana da takarda yana tambaya, wai me ke sa ƙaramin jirgin sama ya sauka a gona ko a daji, kuma laifin wa ne, matuƙi ko makaniki? To Malam, mun gode, ga amsa.

Da farko dai ka sani, jiragen da suka fara sauka a Kano ƙanana ne. Ran 1 ga watan Nuwamba na 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka iso Kano daga Masar, bayan sun yi ta yada zango a hanya. Kowannensu inji ɗaya gare shi. Har yau kuwa yawancin ƙananan jirage haka suke, inji ɗaya da farfela a gaba, irin waɗanda ake koyon tuƙi da su a makarantar jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

To idan wannan inji ya mutu a sama fa? Jirgin ba ya faɗowa kamar dutse, shawagi yake yi yana saukowa a hankali. Misali, jirgin Cessna 172 in yana sama da nisan mita 1,000, yana iya cin tafiyar kilomita 9 kafin ya taɓa ƙasa. Wato matuƙi yana da minti huɗu ko biyar ke nan ya zaɓi fili. A ƙasarmu kuwa, tun daga Ungogo har Bichi da Ɗambatta, gona manne take da gona, ga kunya, ga ɗorawa da kuka da tsamiya, ga ƙauye kusa da ƙauye. Ka ga samun fili ba wasa ba ne.

Abin da ke kashe injin sau da yawa ba wani babban abu ba ne: ruwa a cikin mai, ko notin da aka kwance ba a ɗaure shi sosai ba, ko baƙin mai da ya tsiyaye. Shi ya sa kafin a tashi matuƙi ke tsiyayar mai kaɗan a ɗan kofi ya duba ko da ruwa, kuma duk gyaran da makaniki ya yi sai ya rubuta a littafi ya sa hannu.

Darasin da ya fi ci mana rai a kan sakacin gyara kuwa, a babban jirgi ya faru. Ran 11 ga watan Yuli na 1991 wani jirgi DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya don jigilar alhazai, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da mutum 261. Bincike ya nuna tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kwanaki kafin nan, amma aka canza lambobin da ke takardar gyara. A safiyar tashi makaniki ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a samu nan take ba, mai kula da aikin kuwa bai yarda a jinkirta ba. Jirgi yana gudu zai tashi tayoyi suka fashe suka kama da wuta, matuƙa ba su sani ba suka naɗe su cikin jirgi. Sun juyo za su yi saukar dole, amma wuta ta riga su, jirgin ya faɗi saura kimanin kilomita 3 ya kai titin sauka. Babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙan su, amin.

Saboda haka Malam, laifi ba koyaushe na matuƙi ko makaniki kaɗai ba ne. Har da mai cewa a yi sauri lokaci na ƙurewa. Ku 'yan kasuwa masu loda kaya a mota ran kasuwar Ɗambatta, in direba ya ce a dakata a duba taya, don Allah ku ƙyale shi ya duba. Gara a rasa cinikin safe da a rasa rai.

In kuma wata rana ƙaramin jirgi ya sauka a gonarku, kada kowa ya kusanci farfela ko da ta tsaya. Kada a matso da taba ko wuta, domin mansa fetur ne. A taimaki waɗanda ke ciki, a kori yara, a sanar da mai gari da 'yan sanda, kuma kada a ɗauki ko noti guda, domin da shi masu bincike za su gane abin da ya faru.

Allah Ya kiyaye hanya. Sai mun ji daga gare ku.