Bike!Bike!: Taron Masu Gyaran Keke Da Ba Shi Da Gida Ɗaya

A manyan garuruwan Amurka da Kanada akwai wasu irin garejin keke da ba a kai wa bakanike gyara a dawo a karɓa. Mutum ne zai shigo da kekensa, a miƙa masa spana, wani ɗan sa-kai ya tsaya a kansa yana nuna masa yadda ake cire taya, yadda ake faci, yadda ake ɗaure birki. Kekunan da ke rataye a bango galibi tsofaffi ne da masu su suka bayar kyauta ko aka tsamo daga bola. Wanda ba shi da kuɗi yakan biya da aikin hannunsa, ya yi 'yan sa'o'i yana taya shara ko warware tsofaffin kekuna, har ya mallaki nasa. Wasu daga cikin waɗannan wurare sun daɗe: Bikes Not Bombs ta birnin Boston ta fara ne a 1984, BICAS ta Tucson kuma a 1989. Working Bikes ta Chicago, wadda aka kafa a 1999, tana cikin masu loda tsofaffin kekuna a kwantena zuwa ƙasashen Afirka, har da Ghana.

Shekara da shekaru kowane gareji yana fama shi kaɗai. Matsalolinsu kuwa iri ɗaya ne: mai gida ya ƙara kuɗin haya, 'yan sa-kai sun gaji sun watse, kayan aiki suna ɓacewa, ga tulin ƙarafan da ba a san inda za a kai su ba. A 2004 wani gareji na birnin New Orleans mai suna Plan B ya gayyaci takwarorinsa su zo a zauna a tattauna. Wannan zama shi ne Bike!Bike! na farko. Shekara ta zagayo aka haɗu a Tucson, a hannun BICAS. A cikin wannan shekara ta 2005 ce guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a watan Agusta, ruwa ya ci yawancin birnin. Da a ce an ɗaure taron da garin da aka haife shi, da wuya ya tsallake wannan masifa.

Amma ba a ɗaure shi ba, kuma a ganina nan ne hikimar waɗanda suka assasa shi take. Taron ba shi da hedikwata, ba shi da shugaban da zai buga tebur ya ce ga inda za a je. Kafin a watse kowace shekara, garejin da ke sha'awar karɓar baƙi yakan tashi ya gabatar da kansa, mahalarta su yanke shawara. Abin kamar adashi yake, sai dai wanda layi ya zo kansa ba kuɗi yake kwasa ba, ɗawainiya yake ɗauka. Masu masauki su ne za su nemo zauren zama, su shirya abinci, su roƙi abokai da maƙwabta su ba baƙi wurin shimfiɗa, su kuma gyara kekunan aro domin wanda ya zo a mota ko jirgi ya sami abin hawa. Kuɗin rajista ba a ƙayyade shi ba, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa. Darussan ma mahalarta ne ke kawowa: wani ya koyar da ɗaura waya a gargare, wata ta yi bayanin yadda garejinsu ya ware ranar mata zalla domin su koyi aiki ba tare da wani ya fizge musu spana daga hannu ba, wasu su zauna kan yadda ake sasanta rikici a ƙungiyar da ba ta da maigida.

Haka taron ya yi ta yawo: Milwaukee a 2006, Pittsburgh a 2007, San Francisco a 2008, Minneapolis a 2009. A 2010 ya tsallaka iyaka karo na farko zuwa Toronto ta Kanada. Ya koma New Orleans a 2013, inda aka yi zama na goma.

Sa ranar taron kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, kuma wanda bai taɓa riƙe irin wannan gareji ba ba zai gane ba. Lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, shi ne lokacin da ɗalibai ke hutu, tafiya ta fi musu sauƙi. Shi ne kuma lokacin da garejin ke cika maƙil, domin kowa ya fito da kekensa bayan hunturu, kuma idan 'yan sa-kai biyar suka tafi taro, sai a rufe ƙofa. Idan aka matsa zuwa kaka, makarantu sun koma. Ga yanayin garin masu masauki: Winnipeg, wadda sanyinta ke daskarar da koguna, ta karɓi taron 2017 a watan Agusta, yayin da garuruwan kudu masu zafi sukan fi son Oktoba. Babu ranar da za ta yi wa kowa daidai. Duk wadda aka zaɓa, an zaɓi waɗanda za su iya zuwa, an kuma bar wasu a gida. Shi ya sa nake ganin muhawarar da suke yi kan kwanan wata ba ɓata lokaci ba ce, ita ce ke nuna wa ake ɗauka ɗan gida a cikin wannan tafiya.

Batun wuri ma haka yake, har ya fi zafi. Ba'amurke yana shiga Mekziko cikin sauƙi, amma ɗan Mekziko mai gyaran keke sai ya nemi biza, ya biya kuɗi, ya jira, kuma ana iya hana shi. Muddin taron yana arewacin iyaka, ana magana ne a kan haɗin kai alhali rabin dangi suna waje. A 2015 aka kai shi Guadalajara, karo na farko a Mekziko. Daga nan Sifaniyanci ya ƙara samun gindin zama tare da Turanci, aikin tafinta ya zama wani ɓangare na shiri. Bayan Detroit a 2016 da Los Angeles a 2018, sai Tijuana ta karɓa a 2019, birnin da ke manne da katangar iyakar ƙasashen biyu.

Girman taron ya kawo nasa nauyi. Nisa da tsadar tafiya sun sa aka riƙa shirya ƙananan tarurruka na shiyya ƙarƙashin wannan suna, domin waɗanda ba za su iya ƙetare nahiya ba. Ɗawainiyar masauki kuma takan gajiyar da ƙaramin gareji, tunda mutanen da ke buɗe ƙofa kowane mako su ne dai za su shafe watanni suna neman zaure da tukwane.

Annobar korona ta hana haɗuwa a 2020. Daga baya sai aka koma intanet da sunan Bike!Bike! Everywhere, inda wanda ba shi da biza ko kuɗin jirgi ya sami shiga daga ɗakinsa, ko da yake sabuwar gardama ta taso kan sa'ar da za ta dace da mutanen da agogonsu ya bambanta. A 2022 aka sake haɗuwa ido da ido, a babban birnin Mekziko.