Tsakanin Illela da Ƙwanni: Tarihin Kuɗin Fito a Ƙofar Sakkwato

A ƙarshen watan Maris na 2025 ne ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda suka haɗa ƙawancen da ake kira AES, suka ɗora harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen ƙungiyar, wata biyu bayan ficewarsu daga ECOWAS. Mai karatu zai iya cewa ai wannan bai taka kara ya karya ba, tunda naira 500 ce kacal a kan kayan naira 100,000. Haka ne. To amma ga ɗan kasuwar Sakkwato da ke lodin kaya ya bi ta Kware da Gwadabawa har Illela, ma'anar dokar ita ce da zarar ya tsallaka Birnin Ƙwanni, shi da kayansa baƙi ne.

Wannan baƙunta kuwa ba yau ta fara ba. A ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Paris, inda suka auna mil 100 daga birnin Sakkwato suka zana layi mai kama da baka, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, na waje kuma na Faransa. A lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman na bisa gado, kuma sai bayan shekara biyar Turawa suka ci birnin, a 1903. Wato an raba gona mai ita bai sani ba. Da an tsaya a kan wannan layi, da yau Ƙwanni tana cikin Nijeriya. Sai Faransawa suka yi ƙorafin cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, don haka a 1904 da 1906 aka sake jawo layin zuwa kudu. Ƙwanni ta koma hannun Faransa, haka ma Maratta, mahaifar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Fatake masu sauko da gishiri da kanwa da dabbobi, su koma da hatsi da tufafi da goro, sai suka wayi gari da masu karɓar haraji biyu. A wannan ɓangare Gwamna Lugga ya sa wa ayari kuɗin fito na kashi 5 cikin ɗari a kowane lardi, har zuwa kashi 15, kafin a soke shi a 1907. A wancan ɓangare kuma ga 'yan duwan na Faransa.

Samun 'yancin kai bai ɗinke wannan ɓaraka ba. Nijar ta tsaya cikin rukunin ƙasashe masu kuɗin sefa, waɗanda suka kafa UEMOA a 1994, kuma daga shekarar 2000 suka fara cajin kayan waje haraji bai ɗaya mai hawa huɗu: 0 da 5 da 10 da 20 cikin ɗari. Nijeriya kuwa ba ta ciki, tana can da nata haraji mai tsanani da dogon jerin kayan da ta haramta. A ganina, a nan ne asalin abin da muke kira fasa-ƙwauri yake. In atamfa ko taba ko gwanjo ko shinkafa za su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su shigo Nijar ta Gaya da kuɗi kaɗan, alhali a Legas an hana su ko an ninka musu haraji, to dole su nemi hanyar Ƙwanni da Maraɗi. Man fetur mai rahusa kuma ya bi hanyar ya yi arewa. Bambancin dokar Yamai da ta gwamnatin Nijeriya shi ya ciyar da direbobi da 'yan kamasho da 'yan canji na garuruwan biyu shekara da shekaru, in ma ba a ce har da wasu masu kaki ba.

Maganin da ECOWAS ta kawo shi ne harajin waje bai ɗaya ga dukkan mambobinta, wanda ya fara aiki a Janairun 2015. An ɗauki tsarin UEMOA ne aka ƙara masa hawa na biyar, kashi 35, bisa matsin Nijeriya mai son kare masana'antunta. A takarda dai Illela da Ƙwanni sun koma bayan katanga ɗaya. Sai dai Nijeriya da kanta ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa a 2016, sannan ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, abin da ya tuna wa dattawa rufewar 1984, wadda har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela kaya na lalacewa. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na cikin tawagar sulhun da ta je Yamai a watan Agusta, amma sai a Maris na 2024 aka buɗe hanya. In mai karatu ya yi lissafi, cikin shekara goma na zaman katanga ɗaya, wajen shekara biyu ƙofa a garƙame take.

Shi kansa kashi 0.5 ɗin ba AES ce ta ƙirƙiro shi ba. Adadin ne ECOWAS ke karɓa a kan kayan ƙasashen da ba mambobinta ba domin gudanar da ayyukanta, kuma Nijar ta daɗe tana tara mata shi a kan kayan Sin da Turai. Ƙasashen uku sun karkatar da kuɗin ne zuwa asusunsu, suka kuma sa kayan Nijeriya a sahun na waje. ECOWAS a nata ɓangaren ta sanar a Janairun 2025 cewa mambobinta su ci gaba da karɓar kayan ƙasashen uku bisa tsarin cinikinta na babu shinge, har sai an kammala tattaunawa.