Tungar Gudaddun Bayi a Bahiya: Yadda Hausawa Suka Hana Turawan Fotugal Barci



Duk lokacin da aka tada zancen bayin da suka gudu suka kafa garin kansu a ƙasar Burazil, sunan da ake fara kamawa shi ne Palmares. Can cikin duwatsu da kurmin arewa maso gabashin ƙasar, dubban bayi, galibinsu 'yan asalin Angola da Kwango, sun yi kusan shekara 100 suna noma abinsu, suna naɗa sarakunansu, rundunar Fotugal na zuwa suna fatattakar ta. Sarkinsu Ganga Zumba ya yi sulhu da Turawa a 1678, Zumbi ya ce shi bai yarda ba, aka ci gaba da gwabzawa har aka ci babban garinsu a 1694. An kashe Zumbi ranar 20 ga Nuwamba 1695, aka kafa kansa a dandalin birnin Recife don ya zama gargaɗi. Irin wannan mazauni can ana ce masa kilombo, kalma ce ta mutanen Angola mai nufin sansanin yaƙi. Mu da Hausa tunga za mu ce.

Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, shekara 100 da 'yan kai bayan Zumbi, waɗanda suka sake hura wannan wuta a lardin Bahiya, Hausawa ne. A takardun gwamnatin Fotugal na lokacin sunanmu na nan ɓaro-ɓaro, duk da dai bakinsu ya karya shi, suna rubuta Usa ko Ausa.

To yaya aka yi Bahaushe ya tsinci kansa a hayin teku? Nan ne labarin yake da ɗaci. Ba Bature ne ya zo Gobir ko Zazzau ya kama su ba. Jihadin Shehu Usmanu ya fara a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma a tsakanin nan kowane ɓangare yana kama fursunonin yaƙi. Malaman jihadi sun hana a sayar da ɗa Musulmi, wannan gaskiya ne, amma idan yaƙi ya ɓarke fatake ba sa tsayawa tambayar wanda ke cikin mari ko ya iya Fatiha. Daga hannu zuwa hannu ake bi da su ta ƙasar Nupe da Oyo har bakin ruwa, Legas da Badagiri da Ajashe da Wida, inda jiragen 'yan kasuwar Bahiya ke jira da tabar da aka shafe da ruwan rake. Da wannan taba ake musayar mutum. Mu nan ƙasar Lafiya ba baƙin irin wannan zance ba ne. Wanda ke shakka ya tambayi dattawan Eggon abin da ya sa kakanninsu suka bar fili suka hau dutse.

Kuskuren da masu gonakin rake na Bahiya suka yi shi ne, sun ɗauka leburori suka saya, alhali mayaƙa suka shigo da su gida. Samari ne waɗanda suka san baka da kibiya, wasunsu sun yi karatun allo, suna rubuta laya, suna iya aika wa juna saƙo da rubutun da ubangijinsu bai iya karantawa ba. Wani ya yi yaƙi a ƙarƙashin Sarkin Gobir, wani a ƙarƙashin tutar Shehu. A gida abokan gaba ne, amma a gonar rake bulala ɗaya ke dukan su, harshe ɗaya suke yi.

Tungar Hausawa ta bambanta da Palmares. Su ba su nausa daji mai nisa don su kafa ƙasa ba. A dazuzzukan da ke bakin birnin Salbado suke laɓewa, tafiyar 'yan sa'o'i daga kasuwa. Bayin cikin gari, 'yan dako da masu talla, su ke kai musu abinci da kuɗi da labari. Wato tungar wurin tara mutane da makamai ce kafin a kai farmaki.

Gwamnan Bahiya na wancan lokaci, wanda ake kira Konde da Ponte, ya gane haka. A farkon 1807 ya tura sojoji suka rushe tungayen bayan gari irin ta Kabula, ya taƙaita zirga-zirgar bayi da daddare. Bai gama murna ba sai wani bawa ya tsegunta cewa Hausawa sun shirya tawaye ranar 28 ga Mayu, ranar wani babban bikin coci, lokacin da hankalin Turawa zai tafi ga jerin gwano. Sun naɗa jagora a kowace unguwa. Da aka kai samame aka samu bakuna da kibau da wuƙaƙe da ganga. An yanke wa jagorori biyu hukuncin kisa, sauran aka yi musu bulala a bainar jama'a.

Ba a cika shekara biyu ba, a farkon Janairu 1809, ɗaruruwan gudaddu suka far wa garin Nazare das Farinyas, suna neman abinci da makamai. Sunan garin ma daga garin rogo ya samo asali, don shi ne sana'arsu. (Rogon nan da muke nomawa a Adogi asalinsa Burazil ne, jiragen Fotugal suka kawo shi Afirka. Sun kawo mana rogo, sun kwashi mutane.) An kore su daga Nazare, wasu kuma da suka sulale daga Salbado don su haɗu da su sojoji suka tare su a hanya, aka kashe da yawa, aka kama da yawa, har da mata.

Wanda ya fi girgiza Turawa shi ne na 28 ga Fabrairu 1814. Da asubahi mutum sama da 200 suka fito daga tungarsu suka afka wa wuraren kamun kifi na bakin teku a yankin Itapuwa, inda 'yan uwansu Hausawa da dama ke bauta. Suka cinna wa gidaje da rumbunan kayan su wuta, suka kashe masu tsaron bayi, bayin wurin suka bi su. Daga nan suka nufi yankin gonakin rake, inda bayi suka fi yawa, da niyyar tayar da su gaba ɗaya. A bakin kogin Jowanes sojojin doki suka cim musu. Gommai sun faɗi a fagen, wasu kuma suka gwammace su faɗa ruwa ko su rataye kansu da a mayar da su mari.

A takardun shari'ar da aka yi, an ambaci jagoran tungar da suna Malomi Juwawo. Duk mai jin Hausa ya san wannan kalma: malami ce, magatakardan Bature ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Juwawo kuwa sunan da aka liƙa masa ne a can. Akwai kuma wani Faransisko Sidade, bawan cikin gari, wanda ke tattara gudummawa yana sada birni da daji. An rataye mutum huɗu a dandalin Piyedade, wasu aka yi musu ɗaruruwan bulala, wasu aka tura su Bengela ta ƙasar Angola. Sun koma Afirka, amma ba gida ba.

Gwamnan da ke kan mulki a lokacin, Konde dos Arkos, dabararsa daban ce da ta Konde da Ponte, kuma ni a ganina ya fi shi hatsari. Shi ya bar bayi su yi kiɗa da rawa ranar Lahadi. Hujjar da ya bayar a rubuce ita ce, wannan zai riƙa tuna musu tsohuwar gabar da suka taso da ita daga Afirka, don ranar da suka manta da ita suka haɗa kai, Burazil ta shiga uku. Masu gonaki ba su gamsu ba. Da wani tawayen ya tashi a Fabrairu 1816 a Santo Amaro da Sawo Faransisko do Konde, aka yi kwanaki ana ƙone gonaki, sai suka yi taro suna neman a tsige shi.

Burazil ta ɓalle daga Fotugal a 1822, bauta kuwa ta ci gaba har 1888. Amma zamanin Hausawa a sahun gaba ya wuce, domin rushewar daular Oyo ta sa Yarbawa suka fi yawa a jiragen bayi. Tawayen Male na Janairu 1835, wanda aka yi cikin azumi kuma ya fi sauran suna, yawancin mutanensa Yarbawa Musulmi ne, Hausawa kaɗan ne a ciki.

Wasu daga cikin Hausawan sun tsufa a can. Wajen ƙarshen shekarun 1840 jakadan Faransa a Bahiya, Faransis de Kastelno, ya riƙa kiran su yana yi musu tambayoyi, ya buga abin da suka faɗa a 1851. Sun ba shi labarin Kano da Katsina da Zariya, da yaƙe-yaƙen da aka kama su a ciki, da zangon da aka bi da su har teku. Shi kuwa abin da ya fi damunsa, har ya sa shi a kan sunan littafin, shi ne ko gaskiya ne akwai mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka.