Me ya sa kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta kai ta tebur sauri ba?

A Babankatami, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, wanda ya tashi sayen kwamfuta, malamin makaranta ne ko sakataren ƙungiyar manoma, galibi portabul yake nema, wato ta tafi-da-gidanka. Tana da batir, kuma ana iya caja ta da sola. Sai dai a wajen sauri ba ta kai ta tebur ba, ko da su biyun suna ɗauke da tambarin Core i5.

Tushen matsalar zafi ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ake kira furosesa, duk wutar da ta ci zafi take komawa. Ta tebur an ƙera ta don ta ci wat 65 zuwa 125, domin akwatinta yana da fili da manyan fankoki. Ta siririyar portabul kuwa yawanci wat 15 ce, masu ƙarfin cikinsu 45, ga ƴar ƙaramar fanka a matse. Da zarar furosesa ta doshi digiri 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara ta.

Yanayin Adar yana ƙara dagula lamarin. Kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade digiri 10 zuwa 35 a matsayin zafin ɗakin da ya dace da portabul ɗinsa, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafi a jihar Tawa yana haura 40. Iskar da za ta sanyaya na'urar ita ma da zafinta take shiga. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe kafofin iska. Wanda ke ɗora portabul a kan katifa shi ma toshe su yake yi.

Idan aka cire caja, Windows kan rage ƙarfin aiki don batir ya daɗe. Tsofaffin portabul na hannu kuma da yawansu suna da faifan ajiya mai juyi 5400 a minti, na tebur kuwa 7200. Sau da yawa wannan faifan ne ke jawo nawar, ba furosesa ba, kuma musanya shi da SSD ya fi sayen wata na'urar araha nesa ba kusa ba.

Don rubuta rahoto ko lissafi a Excel, bambancin bai taka kara ya karya ba. A wajen haɗa bidiyo ne ta tebur ke yi mata fintinkau, muddin akwai wutar da za ta riƙe ta.