Asalin Hoton Mutanen Jirgin Meduz

A gidan adana kayan tarihi na Luvur, a birnin Faris, akwai wani ƙaton hoto na mutane jibge a kan katakai a tsakiyar teku, wasu matattu, wasu da sauran numfashi. A can sama wani baƙar fata yana kaɗa ƙyalle. Ga asalin hoton.

Meduz jirgin yaƙin Faransa ne mai igwa 40, an saka shi a ruwa a 1810, zamanin Napoliyon. Ba shi da inji. Manyan ƙyallaye ake ɗaurawa a dogayen sanduna, iska ta tura shi. A 1811 ya je tsibirin Jaba ya komo lafiya, duk da jiragen Ingila da suka cika teku. Abokan gāba ba su ci shi ba, sakacin shugaba ne ya ci shi.

Bayan faɗuwar Napoliyon, Ingila ta yarda ta mayar wa Faransa garin Sanluwi na Senigal. Ran 17 ga Yuni 1816 Meduz ya tashi da wajen mutum 400, har da sabon gwamna, Shmals. Kyaftin ɗin jirgin, Shomare, ya yi shekara ashirin rabonsa da teku. Biyayyarsa ga gidan sarauta ce ta ba shi kujerar, ba gwaninta ba.

Ran 2 ga Yuli jirgin ya kafe a rairayin Argin, gefen Muritaniya. Kwale-kwalen ceto ba su isa ba. Manya suka shige su, aka ɗaɗɗaure katakai, tsawon mita 20, aka loda mutum kusan 147 da alkawarin za a ja su zuwa gaɓa. Ba a yi nisa ba aka saki igiya.

Kwana 13 suna yawo a kan ruwa, ga ƙishirwa, ga rana. Faɗa ya ɓarke da dare, aka jefa marasa ƙarfi cikin teku, yunwa ta kai wasu ga cin gawa. Da wani jirgi mai suna Argus ya tsince su, 15 kaɗai suka rage, biyar kuma suka cika ba da jimawa ba. Kotun soja ta ɗaure Shomare shekara uku, hukuncin da ko kusa bai kai nauyin rayukan nan ba.

Biyu daga cikin waɗanda suka tsira suka rubuta labarin, wani saurayi mai zane, Jeriko, ya zauna da su, ya fito da hoton a 1819. Shi kuwa Shmals ya isa Sanluwi, Faransawa suka karɓi garin a 1817. Daga wannan gaɓar ne sojojinsu suka riƙa kutsawa gabas, har suka shiga Damagaram a 1899.